Ruwan sama na shigowa ta taga ko ƙofa: amsoshin tambayoyin masu gidaje a Sakkwato

Duk shekara, da zarar an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi a watan Yuli, wayata ba ta hutawa. Wannan daga Mabera, wancan daga Arkilla, wani daga Runjin Sambo, kuma kukan ɗaya ne: bango ya jiƙe ta wajen taga, ko ruwa ya kwanta a bakin ƙofar falo. Na daɗe ina aikin gyaran gine-gine a garin nan, kuma yana damuna in ga mutum ya kashe kuɗinsa a kan gyaran da bai taɓa ciwon ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini na amsa su wuri guda. Inda ruwa ya fito daban, inda ya shiga daban, kuma aikin farko shi ne a gano hanyar da ya bi kafin a sayi komai.

Na ga jiƙa a gefen taga. Ba tagar ce ke yoyo ba?

Wani lokaci ita ce, amma sau da yawa shaida kawai take bayarwa. Yawancin gidajenmu na bulo ne, mai inci 6 ko mai inci 9, kuma bulon nan yana da rami a cikinsa. Idan aka jera shi, ramukan suna haɗuwa su zama kamar bututu daga saman bango har ƙasa. Ruwan da ya sami shiga ta can sama zai gangaro ta cikin ramukan nan ba tare da kowa ya gan shi ba, har ya tarar da lintal, wato kankaren da aka zuba a saman taga ko ƙofa. Lintal ba shi da rami, don haka ruwan sai ya taru a kansa, ya nemi gefe, ya ɓullo a kusurwar taga ta sama ko ya bi firam, wato ƙarfen da ke kewaye da tagar, ya sauka. Mai gida kuwa abin da idonsa ya gani shi ne taga.

Na taɓa zuwa wani gida a Gawon Nama inda aka riga aka cire taga aka sa sabuwa, amma ruwan farko da aka yi bayan haka ya sake jiƙa labule. Wani dattijon birkila da muke aiki tare ya tsaya ya dubi bangon, bai ko taɓa tagar ba, sai ya ce wa mai gidan: "Alhaji, ruwan ga ba ta taga yash shigo ba. A kawo tsani." Da muka hau, sai ga rawanin ginin, wanda magina ke ce wa farafet, a buɗe: an yi filasta ciki da waje amma ba a rufe kansa da siminti yadda ya kamata ba, har yatsa yana shiga wasu ramukan. Duk ruwan da ya sauka a kan rawanin nan cikin bango yake tafiya.

To ka fara da duba inda tabon ya fi tsayi. Ruwa ba ya hawa sama da nisa. Idan tabon ya fara daga saman taga ko ya kai silin, ka bar tagar ka nemi rufi, rawani, ko indararo. Idan kuwa daga kusurwoyin ƙasa ya fara ya gangara, to a nan tagar da kewayenta ne abin zargi.

Me ya sa wani ruwan ke shigowa, wani kuma ba ya shigowa?

Iska ce. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, da guguwa da ƙura a gabansa, kuma ruwan farko yana zuwa a karkace yana dukan bango kamar ana watsa shi da ƙwarya. Wannan feshin shi ke tura ruwa cikin tsagar da ruwan tsaye ba zai taɓa shiga ba. Shi ya sa tagogin da ke fuskantar gabas suka fi shan wahala a Sakkwato, alhali na yamma a gida ɗaya suna nan lafiya.

Wannan bambanci yana taimakawa wajen bincike. Yoyon da ke zuwa nan take, tare da iska, yana nuna kafa a buɗe: tsaga a gefen firam, robar gilashi da ta mutu, ko rata a ƙarƙashin ƙofa. Yoyon da ba ya bayyana sai bayan awa biyu ko uku, ko sai washegari, kuma ya fi yawa a ruwan Agusta mai daɗewa yana sauka, yana nuna bango ne ke sha yana tacewa. Ka rubuta a waya: ranar, ta ina iska ta zo, minti nawa bayan fara ruwa jiƙa ta fito. Bayanin ruwa uku ya fi zaton shekara guda amfani ga mai gyara.

Ta yaya zan gwada da kaina ba sai na jira hadari ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don amsarta ce ke ceton kuɗi. Ana bukatar mutum biyu, tiyo ko butar ban ruwa, alli, tsohuwar jarida, da tocila. A yi a ranar da bango ya bushe.

Ɗaya ya tsaya a cikin ɗaki, ya cire labule, ya shimfiɗa jarida a gindin taga da ƙasa, domin jarida tana nuna ɗigo tun kafin ido ya gan shi a kan siminti. Ɗayan yana waje da tiyo. Dokar gwajin guda ce, kuma ita ake yawan karyawa: daga ƙasa ake farawa a hau sama. Idan ka fara watsa ruwa daga saman taga, zai gangaro ya jiƙa komai, ruwa zai shigo, amma ba ka san ta ina ba. Ka dawo inda ka fara.

Fara da bangon da ke ƙarƙashin taga. Bar ruwa yana zuba a kai a hankali na kamar minti 5 zuwa 10. In na ciki bai ga komai ba, matsa zuwa dakalin taga, wato ɗan tudun simintin da ke ƙarƙashinta ta waje. Daga nan kusurwar ƙasa ta dama, sai ta hagu. Sannan gefe ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, sannan ɗaya gefen. Sai kan gilashin kansa. Sai saman taga. Daga ƙarshe bangon da ke sama da ita har rawani. Da na ciki ya ce "ga shi nan", a tsaya, a zana wurin da alli ta waje da ta ciki.

Abubuwa biyu na ƙara. Kada a matse bakin tiyo da yatsa a harba ruwa da ƙarfi cikin haɗin taga, domin ko lafiyayyar taga za ta yi yoyo a haka. Ruwan ya riƙa sauka kamar na sama. Sannan idan kana son raba gardama tsakanin taga da bango, rufe tagar gaba ɗaya da leda ka manne gefunan a kan firam da salatif, ka watsa ruwa. In ya shigo duk da haka, tagar ta fita daga zargi, matsalar tana tsakanin firam da bango ko a bangon kansa.

Haƙuri ne jarin wannan aikin. Na ga bangon da sai da aka yi fiye da rabin awa ana zuba masa ruwa kafin jiƙa ta nuna a ciki. Ga wanda ke sayen ruwa a jarka wannan ba ƙaramin abu ba ne, na sani, amma jarka biyar ba ta kai kuɗin sabuwar taga ba.

Tagata ta almuniyam ce mai ja, sabuwa ce, amma ruwa yana cika layin ƙasa ya malalo ciki. Me ke faruwa?

Je ka duba ta waje, a jikin firam na ƙasa. Ya kamata ka ga ƙananan ramuka biyu ko uku. Irin wannan taga ba a ƙera ta don ta hana ruwa shiga layinta ba. An ƙera ta ne don ruwan ya shiga layin ya fita ta waɗannan ramukan. A nan garin, ƙurar hunturu tana taruwa a layin tun daga Nuwamba har Fabrairu, ruwan farko ya mayar da ita taɓo, taɓon ya toshe ramukan. Tsinke, tsohon buroshin haƙori da buta ɗaya sun isa. Zuba ruwa a layin ka ga ko yana fita waje.

Akwai kuma inda laifin na masu aiki ne. Mai filasta ko mai fenti ya rufe ramukan, ko mai haɗa tagar bai huda su ba sam, ko an juya firam ɗin ramukan suna kallon ɗaki. Mafi ciwo a gare ni shi ne mai gida da kansa ya ga ramukan ya ɗauka su ne kafar yoyon, ya cika su da silikon, wato danƙon nan da ake matsawa a toshe rata. Daga ranar ruwa ba shi da mafita sai ɗaki.

In ramukan suna aiki amma ruwa yana tsiyaya daga kusurwar firam, to haɗin kusurwar ne ya buɗe, ko ramin ƙusar da aka ɗaure firam da ita a ƙasa. Duba kuma baƙar robar da ke riƙe gilashi. Ranar Sakkwato tana busar da ita ta ƙanƙance, ta bar rata a kusurwa.

Akwai siririyar tsaga tsakanin firam da filasta. Wannan 'yar tsagar za ta iya kawo ruwa haka?

Ƙwarai. Siririyar tsaga tana tsotsar ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Kuma ba ta rasa dalili. Almuniyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na yadda siminti ke yi. Firam mai tsawon mita 2, idan zafinsa ya canza da digiri 40, tsawonsa yana canzawa da kusan milimita 2. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarfe a rana ya fi haka nesa, daren hunturu kuma ya yi sanyi, wannan motsin ba ya tsayawa. Simintin da aka cusa a gefen firam ba ya miƙewa tare da shi, sai ya rabu.

Tagar ƙarfe ta masu walda tana da nata ciwon. Ƙafafun da aka binne a bango suna tsatsa, tsatsa tana kumbura ta fi ƙarfen girma, sai ta fasa filasta daga ciki. In ka ga jan tabo yana gangarowa daga inda ƙarfen kariya ya shiga bango, duba nan da kyau. Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa filastar kewayen taga: inda ta kama bango sautin a cike yake, inda ta saki za ka ji shi kamar ganga. Ruwa yana tafiya a bayan irin wannan filasta.

Me ake dubawa a dakalin taga da samanta?

Zuba ruwa kofi ɗaya a kan dakalin ka kalle shi. Ya kamata ya gudu waje. In ya tsaya, ko ya koma wajen firam, an yi dakalin a kwance ko ya karkata ciki, kuma babu silikon da zai yi maganin wannan. Sai an sake shi da gangare. Sannan shafa ƙarƙashin leɓensa da hannu. Gini mai kyau yana da ɗan kwari da aka ja a nan daga gefe zuwa gefe, domin ruwan da ya biyo ƙarƙashi ya tsinke ya ɗiga ƙasa maimakon ya koma bango. Haka ma 'yar rumfar kankare da ake yi a saman taga. Gidaje da yawa da aka gina da gaggawa ba su da wannan kwarin, kuma baƙin layin da ke gangarowa a ƙarƙashin tagoginsu shi ne alamar.

Kar ka manta da ramukan da aka huda bayan gini: wayar dish, bututun na'urar sanyaya ɗaki, wayar sola. In ramin ya gangara ciki, waya tana jawo ruwa har ɗaki. A lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga ramin, ruwan zai ɗiga a waje.

Ƙofa fa? Ruwa yana shigowa ta ƙarƙashinta.

A ƙofa, tambayar farko ita ce ko ruwan daga sama ya zo ko daga ƙasa. Tsaya a ciki lokacin ruwa. In yana gangarowa a jikin ƙofar ya lanƙwasa ta ƙarƙashi, feshi ne, maganinsa rumfa a sama da ɗan leɓen ƙarfe ko roba a gindin ƙofar ta waje. In kuwa tsakar gida ce ke cika har ruwan ya haura dokin ƙofa, ƙofar ba ta da laifi.

Yi lissafi ka gani. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 100, a ruwan milimita 30, yana zubo da lita 3,000, wato duro 15 na lita 200, kuma yana iya yin haka cikin awa guda. Ruwan Sakkwato na shekara bai da yawa, wajen milimita 600 zuwa 700 ne a matsakaici, amma a 'yan watanni yake sauka, da ƙarfi. In kwanon rufi yana zubar da nasa daidai bakin ƙofa, ko rariya ta toshe da leda da yashi, ko an shimfiɗa intalok ya fi daɓen ɗaki tsayi, ruwan dole ya nemi ɗaki. A wasu unguwanni an yi titi ko an cike layi da ƙasa har gidajen da suka riga shi suka koma ƙasa da hanya. Irin wannan gida yana bukatar a ɗaga dokin ƙofar zaure a kuma gyara magudana, ba canjin ƙofa ba.

Ta yaya zan san ruwan sama ne ba wani ruwan ba?

Kalanda ce alƙali. Jiƙar da ke nan a watan Maris, ana tsakiyar rani, ba ta sama ba ce. Nemi bututun famfo a cikin bango, banɗaki a bayan ɗakin, ko tankin ruwa a sama. Jiƙar da ke zuwa idan an kunna na'urar sanyaya ɗaki daga bututun zubar ruwanta take. Wadda ta bi gindin bango a kwance, ba ta cika wuce mita 1 daga ƙasa ba, fenti yana kumbura yana fitar da farin gari kamar kanwa, danshin ƙasa ne ke hawa, kuma ana yawan ganinsa a gidajen da ke kusa da fadama. Ta ruwan sama tana da siffarta: tana farawa daga wuri guda ta gangara tana faɗi, ta bushe ta bar zobe mai ruwan ƙasa.

In na gano wurin, in sa silikon kawai?

Idan gwaji ya nuna ratar firam da bango ce, e, amma da sharaɗi. A kankare tsohon gaba ɗaya, domin sabo ba ya kama tsoho. A share ƙura, a bari wurin ya bushe sarai, a sa ta waje. Wanda aka sa ta ciki yana ɓoye ruwan ne a cikin bango. Silikon mai wari mai tsami yana da kyau a kan gilashi amma ba ya riƙe siminti da kyau, yana kuma iya cin wasu ƙarafa. Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na bango da ƙarfe ne kuma yana jure rana. Ba shi kwana ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi. Rata mai faɗin da yatsa ke shiga sai an fara cike ta kafin a shafe bakinta.

Tsagar filasta kuwa ana buɗe ta ne kaɗan a cike, kuma sabon siminti yana son a riƙa jiƙa shi har kwana 7. A zafinmu, filastar da ba a ba ruwa ba tana bushewa kafin ta yi ƙarfi, ta tsattsage kamar ƙasan tafki a rani. Da yawa daga yoyon da nake gyarawa yau daga nan suka samo asali.

Gidanmu na ƙasa ne, a cikin gari. Hanyar ɗaya ce?

Tunanin ɗaya ne, amma kada a yi gwajin tiyo a kan ginin ƙasa. A nan ido ne da hannu. Hau soro kafin damina ka duba yaɓe da bakin indararo, domin indararon da ya karye ko ya gajarta yana zubar da ruwa a jikin bango daidai saman ƙofa ko taga. Duba azarar da ke saman ƙofa: soka mata wuƙa, in ta shige cikin sauƙi gara ko danshi sun cinye ta. Ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti ya fi bukatar lura, saboda simintin yana rabuwa da ƙasar, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bangon yana narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana da kyau.

Yaushe abin ya wuce yoyo ya zama haɗari?

Idan tsaga ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, kuma tana ƙara faɗi. Idan ƙofar ƙarfe da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. Idan lintal ya tsage rodi ya bayyana da tsatsa. A ginin ƙasa, idan bango ya yi ciki ko ƙasa tana zubowa daga saman ƙofa. Zana alli a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata. In ta wuce alamar, kira injiniyan gini ko gogaggen magini, kuma a fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin, kada a kwana a ciki ana ruwa.

Wuta ma haka. In akwai soket a ƙarƙashin tagar da ke yoyo, kashe layin daga babban makunni kafin ka taɓa bangon ko ka fara gwaji.

Haya nake yi. Me zan yi?

Ɗauki bidiyo lokacin da ruwan ke shigowa, ka nuna wa mai gida ko wakilinsa tun da wuri. Share ramukan taga da rariya naka ne. Fasa bango ko canza taga sai da izininsa, kuma ku yi magana a kan kuɗin kafin a fara.

Wane lokaci ya fi dacewa da gyara, kuma yaushe zan sake fenti?

Bincike a damina, lokacin da tabo ke sabo. Babban gyara bayan ruwa ya ɗauke, daga Oktoba zuwa gaba. Share layin taga, rariya da indararo kuwa a watan Mayu, kafin ruwan farko. Fenti shi ne na ƙarshe. Bayan gyara, maimaita gwajin tiyo a daidai inda ka zana alli. In jarida ta fito a bushe, bar bangon ya sha iska makonni. Don tabbatarwa, manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a kan tabon ta ciki, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a bayanta ko wurin ya yi duhu, bangon bai gama bushewa ba, a ƙara masa mako biyu a sake gwadawa.